Wufofin da Baba Ya Naɗa

A ƙarshen layin masu gyaran mota, bayan rumfar mai cajin batir, akwai wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum biyu sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Nan Mai Naɗi yake zaune shekara talatin da ɗoriya, da teburinsa mai tabon gam, da ƙwan lantarki guda rataye daidai goshinsa, da gwangwanayen madara cike da sukurori. Aikinsa ɗaya ne. In sifika ta ƙone a kawo masa, ya ɓare ta, ya zare ƙonanniyar wayar da ke cikinta, ya naɗa sabuwa zagaye bayan zagaye, ya mayar ya liƙe. Yawanci wufa ake kawo masa, wato ƙatuwar sifikar nan da samari ke cusawa a but, ma'ajiyar kaya ta bayan mota, don motarsu ta riƙa gurnani tun daga nesa, sai ka ce wani ne ya tambaye su ko suna tafe.

Ya raina masu haɗa kiɗan mota, raini na gaske wanda ba ya ko ɓoye shi, kuma in za a faɗi gaskiya yawancinsu sun ci a raina su. Mutum ne zai ɗauki kwalin amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ya ga an rubuta ƙarfinta wat dubu biyar da jan fenti, har da hoton walƙiya a gefe, ya hau washe baki, alhali abin da ke cikin kwalin in ya ba da wat ɗari uku na gaskiya an taki sa'a. Ka yi masa zancen om, wato awon da ke nuna irin jan wutar da sifika za ta yi wa amfilifaya, ya tsaya yana kallon bakinka. Bai san in lambar ta yi ƙasa jan yana ƙaruwa ba. Bai san wufa biyu masu om huɗu-huɗu in aka haɗa su kai da kai sun koma biyu ba, balle ya san akwai iyakar da amfilifaya ba ta jure a sauka ƙasa da ita. Sai ya haɗa ya ƙona, ya ce ai kayan yanzu duk jabu ne, ya kwaso ya nufi ƙarshen layi. Da jahilcin mutanen nan Mai Naɗi ya gina gida ya aurar da 'ya'ya mata uku, amma ko sau ɗaya bai taɓa jin sun cancanci godiya ba.

Yana da wata doka da ya kafa wa kansa. In ya gama naɗi ba ya faɗin om nawa ya fito, ba ya rubutawa a jiki, sai dai ya miƙa maka kayanka ya zuba maka ido. Wanda ya san aiki zai tambaya. Wanda bai tambaya ba kuwa ya ɗauki abinsa ya ƙara gaba, za a sake ganinsa kafin wata ya ƙare. A shekara talatin ɗin nan waɗanda suka tambaya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma biyu daga cikinsu sun riga sun rasu.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ɗansa na cikinsa yana cikin waɗanda ba su tambaya ba.

Yaron ya taso a gindin teburin nan, har ya fara iya riƙe waya, sannan ya tafi makarantar koyon sana'a ya yi shekara biyu, ya dawo da takarda a leda. Maimakon ya ja kujera kusa da ubansa, sai ya kama shago a farkon layi, mai ƙofar gilashi da fanka biyu, ya sa aka rubuta masa Injiniya a allo. Tun daga ranar 'yan layi suke kiransa Injiniya, shi kuma yana amsawa ba kunya. Yanzu ga shi da mata da 'ya'ya biyu, shekararsa huɗu yana haɗa kiɗa a motocin mutane. Kullum da safe sai ya taka har ƙarshen layi ya durƙusa ya gai da uban. Da rana ya aiko da abinci. In ciwon baya ya tashi, shi ne mai kai shi asibiti ya zauna a layi. Amma a shekara huɗun nan bai taɓa buɗe baki ya ce, Baba, yaya ake yin kaza ba. Mai Naɗi da za a ba shi zaɓi, da ya yafe gaisuwar da abincin da asibitin gaba ɗaya a kan tambayar nan guda.

Wata safiya yana shan shayi a tsakar gida matarsa ta zauna gefensa tana tsintar shinkafa a faranti.

"Malam, ka ji yaron nan ya samu aikin kamfani?"

"Wane yaro?"

"Yara nawa gare ka a layin? Masu sabulu ne, motocin tallarsu guda takwas. An ce ya fara haɗa ɗaya a gani, in ta yi a ba shi sauran."

"To, Allah ya sa a gani ɗin."

Ta ɗago ta dube shi. "Wannan addu'a ce ko me?"

"Me kike so in ce? Injiniya ne fa. Mu da muke wasa da gam ina mu ina sa baki."

"Kai dai ka cika riƙo. Yaro bai zage ka ba, bai guje ka ba."

"Na ce ya zage ni?"

Ta tashi da farantinta ta bar shi, don ta san in ya fara amsa tambaya da tambaya to ranar ba za a kai ko'ina ba.

Da hantsi sai ga Injiniya da kansa ya rungumo wufa biyu, ɗaya bisa ɗaya, yana nishi. Na cikin motar kamfanin ne, tsofaffi masu kyau, irin waɗanda maganaɗisunsu kaɗai ya isa ya karya wa mutum yatsan ƙafa. Wani gwani ya riga ya ƙona su. Ya ajiye su a bakin ƙofa ya durƙusa.

"Baba, ga waɗannan. Manajar ta so a sayi sababbi, na ce mata in suka bi ta hannunka sun fi sababbin. Jibi za ta zo."

"Ajiye."

Ya ajiye ya tafi. Mai Naɗi ya juya su ya ga takardar masana'anta a bayan kowacce, ta koɗe amma tana karantuwa: om huɗu, wat ɗari uku. Ya ɓare su, ya jawo akwatin wayoyinsa, sai ya tarar siririyar wayar da ta dace da su saura 'yar kaɗan, ba za ta kai ko rabin guda ba. Akwai mai ɗan kauri cikakken ƙulli. Zuwa kasuwa neman siririyar zai ci masa yini, ga baya yana ciwo. Ya naɗa da mai kaurin, naɗi mai kyau, zagaye kwance kusa da zagaye ba wanda ya hau ɗan'uwansa. Waya mai kauri ta fi sakin wuta, don haka da ya gama kowacce ta koma om biyu. Wannan ba aibi ba ne, wufa ce lafiyayya, sai dai a san da wace amfilifaya za a aura mata.

Ya ɗauki alkalamin fenti zai soke huɗun da ke jikin takardar, har ya cire marfin. Sai ya tsaya. Shekara talatin bai rubuta wa kowa ba, a kan me zai fara yau? Ya mayar da marfin ya jefa alkalamin cikin gwangwani. Bari dai a ga abin da aka koyo a makaranta.

Washegari da la'asar Injiniya ya zo ɗauka. Ya danna fuskar wufar da yatsu a hankali, ya ji tana shiga tana dawowa ba gogayya, ya yi murmushi.

"Kai, Baba. Sannu da aiki. Allah ya ƙara lafiya."

Mai Naɗi ya zuba masa ido yana jira. Kalma uku ce kawai, om nawa ne, kuma amsar tana kan harshensa, har da ƙarin bayanin da ya shirya zai yi a tsanake, irin wanda uba ke yi wa ɗa. Injiniya ya rungumi wufofin ya miƙe.

"Sai da safe, Baba."

"Allah ya kai mu."

Ya bi bayansa da kallo har ya sha kwanar rumfar mai batir, sannan ya yi tsaki. Ashe takardar makarantar ma irin ta kwalin ce, wat dubu biyar da jan fenti.

Ranar da aka yi za a haɗa, ya rufe shagonsa tun kafin azahar, abin da ba ya yi, ya ce zai ɗan miƙe ƙafa. Ya miƙe ta har farkon layi, ya samu benci a inuwar da ke kallon shagon gilashi ya zauna. Mai batir, wanda ba a yin abin kallo a layin ba shi, ya riga shi zama.

Motar tana tsaye ƙofarta ta baya a buɗe, an zana mata ƙaton sabulu da kumfa a gefe. Manajar tana tsaye daga gefe, doguwar mace mai tabarau da waya biyu a hannu, tana taka ƙasa kamar tana tsoron ta shafa mata wani abu. Injiniya yana ciki a durƙushe, kuma ko maƙiyinsa ya ga aikin ba zai ce bai tsabtata ba. Kebur mai kauri daga batir, fiyus a inda ya kamata, kowace waya an ɗaure ta an kwantar. Ya sa mita ya auna batir, ya auna ƙananan sifikun sama ɗaya bayan ɗaya, har sabuwar amfilifayar da ya sa kamfanin ya saya sai da ya juya ta ya duba. Da ya zo kan wufofin sai ya goge musu ƙura da gefen rigarsa kawai, ya zura su a akwatinsu ya ɗaure.

Mai Naɗi ya gyaɗa kai. Yaron ya karanta takarda ya yarda, kamar kowane sakarai a layin.

"Ranki ya daɗe, ga yadda lissafin yake," in ji Injiniya yana nuna wa manajar. "Kar ki dubi lambar da ke kan kwali. Wannan amfilifayar ƙarfinta na gaskiya wat ɗari shida ne a om biyu. Wufofin kowacce ɗari uku, om huɗu-huɗu. Na haɗa su kai da kai sun koma biyu, daidai abin da take so. Ba a matsa mata ba, su ma ba a matsa musu ba. Yini za ta yi tana kiɗa a rana ba abin da zai same ta."

"Ni dai in ji sauti," in ji manajar. "Om ɗinku ku ya dama."

Lissafin daidai ne, ba inda za ka sa allura, kuma wannan ya fi komai ƙona wa tsohon rai. Ashe ya sani. Ya san komai, tambayar ce dai ya fi ƙarfinta. To biyu da biyu kai da kai ɗaya suke komawa, kuma amfilifayar nan ba a yi ta don om ɗaya ba.

Kafin ya ɗaura waya ta ƙarshe Injiniya ya hango uban a benci. Fuskarsa ta washe, ya sauko yana goge hannu.

"Baba, ashe kana nan. Zo ka ga yadda na jera su."

Mai batir ya zunguri tsohon da gwiwar hannu. Mai Naɗi bai motsa ba. Zo ka gani aka ce, ba zo ka duba min ba. Nuni ne wannan, irin na yaron da ya yi sabon takalmi.

"Daga nan ma ina gani. Kai ne injiniya."

Yaron ya ɗan tsaya, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya koma cikin mota.

Aka kunna. Gaskiya sauti ya fita. Gilashin shagon ya hau rawa, masu fenti suka ajiye aiki suka matso, wata mai sayar da ruwan sanyi ta sauke bokitinta. Amfilifayar da aka ja ta fiye da ƙima takan yi ƙara kamar ba gobe kafin ta gaji, don haka kowa ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Manajar ta cire tabarau, ta toshe kunne ɗaya ta kira wani a waya, tana ɗaga murya tana cewa ranka ya daɗe kana ji kuwa, ai mun samu mutum. Injiniya yana tsaye ya riƙe ƙugu.

Mai Naɗi yana ƙirga mintoci a ransa. Ya san yanzu bayan amfilifayar ya yi zafin da ba a taɓawa. Taku goma ne tsakaninsa da motar. Ya yunƙura kamar zai miƙe, sai ya tuna murmushin la'asar ɗin jiya da sai da safen nan, ya gyara zama ya harɗe ƙafa.

Ba a cika minti ashirin ba sautin ya fara shaƙewa. Ya dawo, ya sake shaƙewa, sannan ya ɗauke gaba ɗaya, aka bar manajar ita kaɗai tana ihu a waya cikin shiru. Wani siririn hayaƙi ya fito daga ƙarƙashin kujerar baya, da warin nan da duk ɗan layin ya sani ko cikin barci. Injiniya ya yi tsalle ya fizge kan batir, ya kai hannu kan amfilifayar ya janye da sauri yana yarfe yatsu.

Manajar ta kashe wayar ta mayar da tabaraunta.

"Wannan ne yinin da za ta yi a rana?"

"Ranki ya daɗe, ki ba ni awa ɗaya in gano..."

"Na ba ka minti ashirin, shugabana na wurin aiki yana ji a waya. Lacca dai ka iya ta, ba laifi. Ni ma da ganin allon na yi zargi, duk wanda ya rubuta wa kansa injiniya to ba wanda ya yarda ya rubuta masa ne." Ta juya ga direbanta. "Sauke masa tsofaffin tarkacen nan da ya ce sun fi sababbi. Ya ajiye ya riƙa lissafi da su."

Aka sauke akwatin wufofin a bakin shago, motar ta tafi da sabulunta da kumfarta. 'Yan layi suka watse suna ƙunshe dariya, waɗanda ko fiyus ba su iya zaɓa ba su ne suka fi kowa girgiza kai. Wani mai haɗi da ya ƙona wufa uku a wata guda har yana cewa ai aikin nan ba a takarda yake ba. Mai batir ya ce, "Allah sarki, yaron kirki," ya dubi tsohon yana jiran ya ce wani abu. Mai Naɗi ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya koma ƙarshen layi. Daɗin da ya zaci zai ji ya zo, amma bai raka shi ko rabin hanya ba.

Ya buɗe shago ya zauna, ya ɗauki wata ƙaramar sifika yana jujjuyawa ba tare da ya san me yake nema a jikinta ba. Bayan la'asar inuwa ta rufe ƙofar. Injiniya ne, wufa ɗaya a hammata, mita a hannu, yatsunsa biyu naɗe da tsumma. Ya durƙusa kamar kullum, ya ajiye wufar a ƙasa, ya ɗora mata wayoyin mitar, ya juyo da fuskar mitar wajen uban. Lambar ko biyu ba ta cika ba.

"Ɗayar ma haka take, Baba."

"Siririyar waya ce ta ƙare."

"To." Ya dubi mitar. "Da kana zaune a bencin, ka san biyu-biyu ne?"

Ƙarya tana kusa, kuma da ya yi ta yaron zai karɓa, har ya gode. Amma Mai Naɗi bai saba sunkuyar da kai a shagonsa ba.

"Ba ka tambaya ba. Ka auna batir, ka auna 'yan sifiku, ka zo kan babban abu ka karanta takarda kamar sauran jakunan layin nan. Mai aiki tambaya yake yi. Shekara huɗu kana wuce ni da kaya, ko sau ɗaya ka taɓa cewa om nawa ne?"

"Ban taɓa ba."

"To?"

"Ba takardar na karanta ba, Baba." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi sauƙi. "Duk abin da ya shigo shagona sai na sa masa mita, ko daga kwali ya fito. Naka ne kaɗai ba na aunawa. Ina ganin in na ɗora mita a kan aikinka, ko na tsaya ina tambayarka nawa ya fito, kamar na ce ban yarda da hannunka ba ne. Kunya nake ji. A makaranta ma da malami ya ce kar mu yarda da naɗin kowa, na ce masa ban da na babana, aka yi ta yi min dariya."

Mai Naɗi ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi tun daga wuya, irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

Injiniya ya naɗe wayoyin mitar, ya ɗauki wufar.

"A huta lafiya, Baba."

Bai kai ƙara wurin uwarsa ba, bai faɗa wa kowa a layin ba. Ya bar su suna kiransa Injiniya da wata irin murya da ba su yi da ita a da. Motoci bakwai ɗin wani ya samu a wata unguwa. Gaisuwar safe ba ta fasa ba, abincin rana bai fasa ba.

Bayan mako biyu ya kawo wata wufa ta motar wani direba, ya dawo ɗauka washegari. Ya durƙusa ya gaisar, ya karɓa da hannu biyu.

"Baba, om nawa ne?"

"Huɗu ne," in ji tsohon.

"To, Baba."

Ya zaro mita daga aljihu, ya ajiye wufar a bakin ƙofa inda haske yake, ya auna a gaban uban. Ya jira lambar ta tsaya cak, ya duba ta sosai, sannan ya ce Allah ya ƙara lafiya ya tashi.